Mai Walda da Rana, Mai Jita da Dare: Labarin Wes Montgomery

Ranar da na fara jin sunan Wes Montgomery, saura ƙiris faɗa ya kaure a ɗakinmu. Mu shida ne a ɗakin da aka gina don mutum huɗu, kuma ɗaya daga cikinmu, wani ɗan sashen lantarki, yana da tsohuwar jita da ya gada wurin yayansa. Matsalar ita ce ba ya taɓa ta sai ƙarfe ɗayan dare, lokacin da kowa ya dawo daga karatu ya miƙe ƙafa. A daren nan kuwa muna da gwaji ƙarfe takwas na safe. Yana fara kaɗawa sai na saman gadona ya ɗaga murya: "Malam, don Allah ka bar mu mu yi barci, ko in fitar maka da abin nan waje!" Na ɗauka zai ajiye. Ina! Sai ya cire ɗan robar nan da ake kaɗa tsirkiya da shi ya jefa a aljihu, ya ci gaba da babban yatsansa. Sautin ya koma ƙasa-ƙasa, ya yi laushi, har mai ƙorafin ya yi barci ya bar mu.

Bayan mun fito daga gwajin na ce masa, "Kai mutumina, dabarar nan taka ta jiya ta yi fa." Ya yi dariya ya ce, "Ai ba tawa ba ce, aro na yi." Ya zaro waya ya nuna mini wani tsohon bidiyo marar launi. Wani Ba'amurke ne baƙar fata sanye da kwat, yana zaune da ƙatuwar jita a cinya, yana ta murmushi kamar ba shi ke aikin ba. Yatsunsa huɗu na dama a shimfiɗe suke a jikin jitar. Babban yatsa kaɗai ke kai da komo, da saurin da ido ba ya iya bi. Abokina ya ce, "Ka san sana'arsa kafin ya yi suna? Irin taku ce. Walda."

Nan maganar ta kama ni. Ni ɗan sashen injiniyancin kanikanci ne, kuma na yi wata huɗu ina koyon aiki a wani shagon walda. Na san yadda mutum ke komawa gida ido jawur kamar an zuba masa yashi, kafaɗa a riƙe, hannu na karkarwa. A irin wannan hali ko cokali da ƙyar nake ɗagawa. To yaya aka yi mutum ya tashi daga wannan aiki ya je ya kwana yana kiɗa, har ta kai yau masu jita a ko'ina cikin duniya suna koyon salonsa? Tambayar da ta sa na shafe zangon karatu guda ina ƙona data a kan labarinsa ke nan. Ga abin da na samo.

Tukuna, mene ne jaz?

Jaz kiɗa ne da ya tsiro cikin baƙaƙen fatar Amurka, musamman a birnin New Orleans, a farkon ƙarni na 20. Abin da ya raba shi da yawancin kiɗan da muke ji a waya shi ne, ba a gama tsara shi kafin a hau dandamali. Makaɗa za su fara da wani kari da aka sani, su kaɗa shi sau ɗaya ko biyu. A ƙarƙashin karin nan akwai jerin haɗe-haɗen sauti da ke juyawa kamar taya, in ya kai ƙarshe ya koma farko. Daga nan sai a bar wa mutum ɗaya fili ya ƙirƙiri sabon kari nan take a kan wannan zagayen, sauran suna riƙe masa. In ya gama wani ya karɓa. A ƙarshe a koma karin farko a rufe.

Wanda ya taɓa sauraron Mamman Shata ba zai ga baƙon abu a nan ba. 'Yan amshi da masu kalangu suna riƙe da abu ɗaya, shi kuma yana zubo sababbin baitoci gwargwadon abin da ya tarar a wurin. Bambancin dai shi ne a jaz galibi kayan kiɗan ne ke zubo baitocin. Shi ya sa waƙa ɗaya in an kaɗa ta yau aka sake gobe, ba za ta fito iri ɗaya ba.

Wanda ya fara a makare

An haifi John Leslie Montgomery ranar 6 ga Maris 1923 a Indianapolis, babban birnin jihar Indiana. Gidansu gidan makaɗa ne. Yayansa Monk yana cikin na farko-farkon da suka shigo da jitar bes mai lantarki, wato mai kaurin amon nan, cikin jaz. Ƙaninsa Buddy kuma mai fiyano ne. Monk ne ya saya masa wata ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu tun yana yaro. Amma jita ta sosai, mai tsirkiya shida, bai riƙe ta ba sai wajen 1943, yana da kimanin shekara 20, ya riga ya yi aure yana aikin walda.

Abin da ya tunzura shi faifan Charlie Christian ne. Christian shi ne matashin da ya nuna wa duniya, a ƙungiyar Benny Goodman, cewa jita mai lantarki za ta iya fitowa gaba ta yi magana kamar ƙaho, maimakon ta zauna a baya tana riƙe bugu. Ya rasu a 1942 yana da shekara 25 kacal. Wes ya ji faifansa, ya je ya sayo jita da amfilifaya. Ba malami, ba makaranta, kuma bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Sai ya ɗora allura a kan faifai, ya ji ɗan guntu, ya ɗaga, ya lalubo shi a kan tsirkiya, ya sake ɗorawa. Haka dare bayan dare har ya haddace kiɗan Christian. Aikinsa na farko a kulob ma wannan ne: ya hau ya kaɗa abin da Christian ya kaɗa, in ya ƙare ya sauka, don a lokacin ba shi da nasa.

A 1948 shahararren shugaban makaɗa Lionel Hampton ya ratsa ta Indianapolis ya ɗauke shi. Ya yi shekara biyu yana yawo da su gari-gari. Tsoron jirgin sama yake yi, don haka a mota yake bin su komai nisan tafiya. A 1950 ya ga abin bai yi masa ba, ga mata da yara a gida, sai ya tattara ya koma. Wani zai ce ya yi wasa da damarsa. Kusan shekara tara ya yi a garinsu, kaɗan ne suka san da shi a waje.

Awa 15 da rabi

A ƙarshen shekarun 1950 ga yadda ranarsa take. Ƙarfe 7 na safe zuwa 3 na yamma yana masana'anta yana walda. Ƙarfe 9 na dare zuwa 2 yana kiɗa a wani wuri mai suna Turf Bar. Daga 2 da rabi zuwa 5 na asuba yana wani ƙaramin kulob mai suna Missile Room, inda makaɗa ke taruwa bayan an rufe ko'ina. Ku lissafa: awa 15 da rabi ke nan a bakin aiki, ban da zirga-zirga. 'Ya'ya bakwai Allah ya ba shi, kuma kuɗin kiɗa kaɗai ba ya ciyar da gida irin wannan.

Ban kawo wannan don in ce abin koyi ba ne. Jiki ba ƙarfe ba ne, ko ƙarfen ma in aka matsa masa yana gajiya ya tsage, mu 'yan kanikanci mun karanta. Na kawo shi ne don a gane inda salonsa ya fito. Mutumin da ba shi da lokacin gwaji sai tsakar dare, a gida mai cike da yara, ga maƙwabta katanga ɗaya, dole ya nemi hanyar da zai rage ƙara. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ƙorafin ƙara ne ya sa ya ajiye robar ya koma babban yatsa. Da ya ji amon da ke fita sai ya ga ya fi masa daɗi, bai sake komawa ba.

Me babban yatsa ya canza?

Bari in ɗan shiga fannin abokin ɗakina. A ƙarƙashin tsirkiyoyin jita mai lantarki akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mayar da ita sauti. Ka ga ke nan duk yadda ka taɓa tsirkiya, haka za a ji. Roba abu ne mai tauri da kaifi, tana fizgar tsirkiya ta saki da sauri, sauti ya fito da tsini. Naman yatsa kuwa yana da faɗi da laushi, yana danne tsinin nan, amo ya fito a dunƙule, da ɗumi, kamar muryar mutum a kusa da kai.

Farashinsa shi ne sauri. Roba tana bugu in za ta sauka, tana bugu in za ta hau. Yatsa ya fi sabawa da sauka kawai. Wes ya yi ta fama har yatsan ya yi kanta ya saba, ya kuma koyi zaɓen abin da zai faɗa tunda ba zai iya surutu barkatai ba.

Abu na biyu da aka san shi da shi shi ne tagwaita sauti. In tsirkiya na girgiza sau 220 a sakan, wata kuma sau 440, kunne yana jin su a matsayin sauti ɗaya, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Kamar uba da ƙaramin ɗansa ne suna rera kari ɗaya tare. Wes yakan danne irin waɗannan tagwaye a kan tsirkiya biyu, ya kashe ta tsakiyarsu da gefen yatsa don kada ta yi ƙara, sannan ya shafa babban yatsa a kan duka ukun. Ba shi ya ƙago dabarar ba, Django Reinhardt na Faransa ya riga shi taɓa ta. Amma kafin Wes ba a saba jin mutum ya yi doguwar ƙirƙira da ita cikin sauri ba, don hannu gaba ɗaya ne ke tsalle daga wuri zuwa wuri, ba yatsa ɗaya ba.

Abu na uku shi ne tsarin gini. Yakan fara da sauti ɗai-ɗai, kamar mai magana a natse. In an yi 'yan zagaye sai ya koma tagwaye, murya ta ƙara kauri. Can gaba sai ya koma dunƙulallun sauti, tsirkiya huɗu ko fiye a lokaci guda, suna tafiya da kari kamar ƙungiyar masu ƙaho. Hawa uku ke nan. Da zarar ka gane wannan, ko ba ka san komai a kiɗa ba za ka iya bin sa, ka san inda ake da inda aka dosa.

Daren da aka gano shi

A watan Satumba 1959 mai busa saksofon Cannonball Adderley ya zo wasa Indianapolis. Bayan an tashi aka ja shi zuwa Missile Room. Abin da ya ji a daren ya sa yana komawa New York ya tasa Orrin Keepnews na kamfanin faifai na Riverside a gaba, sai ya je ya ji da kunnensa. Keepnews ya je, ya ji, ya ba shi kwantiragi. A watan Oktoba Wes ya ɗauki faifansa na farko a kamfanin, The Wes Montgomery Trio, tare da abokan kiɗansa na gida: Melvin Rhyne a kan ogan, Paul Parker a kan ganguna. Akwai wani kiɗa a ciki mai suna Missile Blues, don tunawa da kulob ɗin. Shekararsa 36 a lokacin. A 1960 ya fitar da The Incredible Jazz Guitar of Wes Montgomery, wanda ya kai sunansa ko'ina.

Mutane kan ce sa'a ce. Eh, akwai sa'a, don da Adderley ya wuce masauki ya kwanta da labarin ya canza. Amma in da ya shigo ya tarar da mai kiɗa na tsaka-tsaki, da ya sha ruwansa ya fita. Shekara taran nan da bai yi suna ba, su ne suka yi aiki a daren.

Me ya sa mutum uku?

Dalilin farko kuɗi ne. Mai ƙaramin kulob ba zai iya biyan mutum goma sha biyar ba. Ogan ƙirar Hammond kuwa mutum ɗaya ne ke aikin mutum biyu a kanta: hannun hagu, da taimakon ƙafa, yana tafiyar da amon ƙasa da mai bes zai yi, hannun dama yana ba da haɗin sauti da mai fiyano zai yi. 'Yan lantarki za su so sanin cewa a cikinta mota ce ke juya wasu ƙananan fayafayan ƙarfe masu haƙora a gaban maganaɗisu, kowanne yana haifar da sautinsa. A ƙara mai ganga da mai jita, an sami cikakkiyar ƙungiya da albashin mutum uku.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi burge ni. A babbar ƙungiya, in ka yi kuskure akwai inda za ka ɓuya. A cikin mutum uku babu. Murhu ne mai duwatsu uku, in ɗaya ya goce tukunya ta kife. Kowa yana da aikinsa: mai amon ƙasa yana taka bugu huɗu-huɗu kamar mai tafiya a ƙafa, yana nuna inda zagaye ya kai. Mai ganga yana riƙe lokaci a kan farantin tagulla, yana jefa 'yan ƙananan bugu a tsakani don ya zuga mai ƙirƙira. Shi kuma mai jita yana gaba, amma kunnensa na baya. In mai ganga ya jefo wani abu, sai ya cafe ya mayar masa. In mai jita ya sassauta, sauran ma su sassauta ba tare da an ce uffan ba. Wes ya sake komawa wannan tsari a 1963 a faifan Boss Guitar, da Rhyne da kuma Jimmy Cobb a kan ganguna. A ganina a nan ne aka fi jin laushin yatsan nan, don amon ogan da nasa suna narkewa cikin juna.

Minti 13 a Half Note

In za ka ji abu ɗaya tak daga Wes, to ka nemi No Blues a faifan Smokin' at the Half Note. An ɗauke shi kai tsaye a gaban jama'a a watan Yuni 1965, a wani ƙaramin kulob mai suna Half Note a New York. Waɗanda suka raka shi su ne 'yan ukun Wynton Kelly: Kelly a fiyano, Paul Chambers a kan bes, wato ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinka da yatsa, sai Jimmy Cobb a ganguna. Su ukun sun yi shekaru suna raka Miles Davis, kuma dukansu suna cikin faifansa Kind of Blue na 1959. Kiɗan No Blues ma na Davis ne. Sun taɓa haɗuwa da Wes a 1962 a Berkeley ta jihar Kalifoniya, inda aka ɗauki faifan Full House, don haka sun san hannun juna.

Ga yadda za ka saurara. Zagayen kiɗan gajere ne, gaɓa 12, kowace gaɓa bugu huɗu. Ka bi bes da ƙafarka, ka ƙirga ɗaya-biyu-uku-huɗu sau 12, za ka ji an dawo farko. Karin buɗewa ɗan kaɗan ne, nan da nan an wuce shi. Sai Wes ya shiga da sauti ɗai-ɗai. Ka lura ba ya gaggawa. Yakan ɗauki 'yar gajeriyar jimla ya faɗe ta, ya sake faɗa da ɗan canji, ya juya ta, kamar mai ciniki da ke maimaita farashi yana kallon idonka.

Can cikin tafiya za ka ji fiyano ya yi shiru. Kelly ya ɗauke hannu, an bar jita da bes da ganga, mutum uku cif. Ni a nan ne tsigar jikina ke tashi. Ba mai cike masa gurbi, kuma bai rage komai ba, sai ma ƙaruwa da abin ya yi. Tagwayen sauti suka shigo, daga baya dunƙulallu, yana jefa tambaya da siririyar murya yana amsa wa kansa da kakkaura, Cobb na ƙara matsa wuta a baya. In ya sauka sai Kelly ya karɓa. Duka kiɗan kusan minti 13 ne, kuma ban taɓa jin ya yi mini tsawo ba.

Wani abin mamaki: a cikin kiɗa biyar na faifan na asali, biyu ne kawai aka ɗauka a kulob ɗin, wato No Blues da If You Could See Me Now. Sauran ukun a situdiyon Rudy Van Gelder aka ɗauke su a watan Satumba na shekarar. Duk da haka, manyan masu jita irin su Pat Metheny sun sha faɗin cewa faifan nan makaranta ne a wurinsu. A 1965 ɗin ne kuma Wes ya daure ya hau jirgi zuwa Turai, ya yi wasa a Landan da Faris da wasu birane. Yawancin bidiyonsa da ke YouTube, har da wanda abokina ya nuna mini, daga wannan tafiya suke.

Kuɗi sun zo, surutu ya biyo baya

Yabo ba ya cika tukunya. Duk da sunan da ya yi a Riverside, kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kamfanin ma ya durƙushe a 1964. Wes ya koma kamfanin Verve, inda furodusa Creed Taylor ya sauya masa hanya: a ɗauko waƙoƙin da ke tashe a rediyo, a sa masa ƙungiyar masu goge da ƙaho a baya, shi kuma ya kaɗa karin da tagwayen sautinsa, a taƙaice. Abin ya karɓu. Faifan Goin' Out of My Head ya ci kyautar Grammy a 1967. A shekarar ya koma kamfanin A&M ya fitar da A Day in the Life, mai ɗauke da sunan wata waƙar Beatles, aka saye shi fiye da duk abin da ya taɓa yi.

Masu sharhin jaz da yawa suka yi masa ca, wai ya sayar da baiwarsa. Ni dai da na ji fayafayan, gaskiya ban ji abin da na ji a Half Note ba, an ɗaure shi da yawa. Amma kafin in ɗaga murya sai in tuna awa 15 da rabin nan da bakuna bakwai. Wanda bai taɓa riƙe kan walda da barci a idonsa ba, ya yi a hankali wurin yanke wa mutumin nan hukunci. Kuma waɗanda suka gan shi a kulob a shekarun sun shaida hannunsa na nan yadda yake.

Bai daɗe yana cin moriyar ba. Ranar 15 ga Yuni 1968 bugun zuciya ya ɗauke shi a Indianapolis, yana da shekara 45. Daga daren Missile Room zuwa rasuwarsa ko shekara tara ba a cika ba. Bayan rasuwar, Verve ta ɗauko ragowar abin da aka naɗa a Half Note, ta liƙa wa wasu daga ciki ƙahonni a sama, ta fitar da sunan Willow Weep for Me a 1969. Shi ma ya ci Grammy. Daga baya aka sake fitar da kiɗan tsurarsa, yadda mutum huɗun nan suka yi shi a daren.

Abin da ya rage mini

'Yan'uwana ɗalibai, mu a nan mun iya lissafin abin da ba mu da shi. Injin wokshop ya lalace, wuta ba ta zama, kwamfuta ɗaya mutum goma, ga masu ce mana takardarmu ba ta kai ta jami'a ba. Duk gaskiya ne, kuma haƙƙinmu ne mu ci gaba da neman a gyara, aikin ƙungiyarmu ke nan. Amma kafin a gyara fa? Ni a da amsata ita ce jira. Furojet ɗina ya yi wata biyu a ajiye saboda ina jiran injin da zai lanƙwasa mini ƙarfe.

Labarin Wes bai ce rashi alheri ba ne. Rashin iya karanta rubutun kiɗa ya dame shi har ƙarshe, gajiya kuma ba ta bar shi ya tsufa ba. Abin da na gani shi ne, da aka ce masa ya rage ƙara bai ajiye jita ba, ya nemi yadda zai yi da abin da ke hannunsa, ya kuma nace a kai shekara da shekaru har abin ya zama nasa. Makon da na gama sauraron No Blues karo na ban-san-adadi-ba, na je na sami abokan furojet ɗina biyu, muka sake zana abin yadda za a yanka a haɗa da walda ba sai an lanƙwasa ba. Bai kai kyan na farko a takarda ba, amma yana tsaye, yana aiki. Mu ukun ma mun koyi yin shiru mu ji juna, abin da da can ba mu iya ba.

In kana da ragowar data a daren nan, sa abin ji a kunne don kada ka tashi na saman gadonka, ka nemi No Blues. Ka ƙirga bugun da ƙafa, ka jira inda fiyano zai yi shiru. Abokin ɗakina kuwa har yanzu ƙarfe ɗayan dare yake ɗauko jitarsa. Robar tana nan a aljihun wandon da ya jefa ta, ba wanda ya sake tambayarta.